Mayafin Sadaka: Tarihinsa Daga Madina Zuwa Garuruwanmu



Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya fitar da mu daga cikkunan uwayenmu ba mu da ko bante, sannan ya suturta mu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, an yi girbi, gero ya shiga rumbu, iska kuma ta juya. Duk mai fitowa sallar Asuba ya fara jin alamar a ruwan alwala. A darussan da suka gabata mun yi bayanin zakkar hatsi, wadda ake aunawa da tiya, kowa ya san nisabinta. Yau za mu ɗauko wani haƙƙin wanda ba shi da nisabi, ba a jira masa girbi ko zagayowar shekara, shi ne haƙƙin wanda sanyi ya kama ba shi da abin rufa. Zan bi da ku ta hanyar tarihi, domin ku ga cewa mayafin da aka saƙa ko aka ɗinka da hannu aka kai gidan mabukaci tsohuwar ibada ce a cikin wannan al'umma, kuma hannun mata ne ya ɗauki mafi yawan nauyinta.

Ku duba Suratun Nahli, wadda malamai suke kira surar ni'imomi. A aya ta 5 Allah ya ambaci dabbobin ni'ima, sai ya gabatar da ɗumin da ake samu daga gare su kafin ya ambaci cin namansu. A aya ta 80 da ta 81 ya sake lissafa gashin tumaki da na raƙuma da na awaki da tufafin da suke kare jiki a cikin abin da ya yi mana baiwa da shi. Ku tuna kuma da ranar da wahayi ya fara sauka. Manzon Allah (S.A.W) ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa tana karkarwa, abin da ya fara nema a wurin Nana Khadija (R.A) shi ne a lulluɓe shi. Ta lulluɓe shi har tsoro ya sake shi, sannan aka yi magana. Surori biyu na Alƙur'ani, Muzzammil da Muddassir, sunansu daga mai lulluɓa ya fito. Wannan ya isa ya nuna mana cewa aikin mayafi bai tsaya ga fata ba, yana kwantar da hankalin wanda ya firgita.

Mutanen Madina a farkon hijira sun san ƙarancin tufa irin wanda yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Abu Huraira (R.A) ya ce ya ga mutum 70 daga cikin ma'abota Suffa, wato talakawan da suke kwana a rumfar masallaci, babu ko ɗaya da yake da tufa biyu, na ɗaurawa da na yafawa. Wani gyauto kaɗai gare shi, wani kuma mayafi ɗaya ne ya ɗaure a wuya, yana tattare shi da hannu kada tsiraicinsa ya bayyana. Mus'abu ɗan Umairu (R.A), wanda a da babu saurayin da ya kai shi ado a Makka, ya yi shahada a Uhudu shekara ta 3 bayan hijira, ba a samu abin da za a yi masa likkafani ba sai mayafinsa guda na gashi. In an rufe kai ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito. Annabi (S.A.W) ya ce a rufe kan, a sa ciyawar izkhir a kan ƙafafun. Shekaru bayan haka, da arziki ya zo, an kawo wa Abdurrahman ɗan Aufu abincin buɗa-baki, ya tuna wannan mayafi, ya yi ta kuka har ya bar abincin.

A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5, cikin wani dare mai iska da matsanancin ɗari, Annabi (S.A.W) ya aiki Huzaifa ɗan Yamani ya leƙo halin abokan gaba. Da ya dawo ya ba da labari sai sanyi ya kama shi. Annabi bai da wani mayafin na daban da zai ba shi, sai ya lulluɓe shi da ragowar wanda yake salla a cikinsa, Huzaifa ya yi barci har gari ya waye. Mayafi ɗaya, mutum biyu, ɗaya yana salla ɗaya yana barci.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Jariru ɗan Abdullahi cewa wata rana da hantsi wasu mutane daga ƙabilar Mudar suka iso Madina ba takalmi, kusan tsirara, sun huda mayafan gashi ta tsaka sun zura kawunansu, takubba rataye. Da Annabi (S.A.W) ya ga irin talaucin da ke tare da su sai fuskarsa ta canza. Ya shiga gida, ya fito, ya umarci Bilalu ya yi kiran salla, aka yi salla, ya yi huɗuba. Ya karanta farkon Suratun Nisa'i, ayar da take tunatar da mutane cewa daga rai guda aka halicce su, ya karanta ayar Suratul Hashri mai cewa kowace rai ta duba abin da ta gabatar domin gobe, sannan ya kira kowa ya kawo abin da yake da shi, dinari ko dirhami ko tufa ko sa'in alkama ko na dabino, ko da tsagin dabino guda ne. Wani Ba'ansare ya zo da ƙunshi wanda hannunsa ya kasa ɗauka, mutane suka biyo bayansa, har Jariru ya ga tsibi biyu, na abinci da na tufafi, ya ga fuskar Annabi tana walƙiya don farin ciki. A wannan zaman ne ya faɗi hadisin nan da kuka sani game da ladan wanda ya fara wani aikin alheri aka yi koyi da shi. Mutane da yawa suna jayayya a kan wannan hadisi a wasu babuka, sun manta cewa dalilin faɗinsa tara tufafi ne a masallaci domin baƙin da suka zo ba sutura.

Yanzu ga ƙissar da nake so ku riƙe fiye da sauran. Sahlu ɗan Sa'adu (R.A) ya ce wata mata ta zo wa Manzon Allah (S.A.W) da burda, wato mayafi saƙaƙƙe, bakinsa ma a saƙe yake. Ta shaida masa cewa da hannunta ta saƙa shi domin ta tufatar da shi. Ya karɓa, yana kuwa bukatarsa, ya fito wa sahabbai ya ɗaura shi. Wani mutum ya gani ya yaba kyansa, ya roƙa a ba shi. Annabi ya zauna gwargwadon abin da Allah ya so, ya koma gida, ya naɗe mayafin ya aika masa. Sahabbai suka zargi mutumin, suka ce bai kyauta ba, ya ga Annabi yana bukata, ya kuma san ba ya hana mai roƙo. Mutumin ya rantse bai roƙa don ya sa ba, ya roƙa ne don ya zama likkafaninsa. Sahlu ya ce haka kuwa aka yi.

Ku lura da abubuwa a nan. Matar ba ta ce ta saya ba, ta ce ta saƙa, kuma Annabi bai hana ta faɗar haka ba, bai ce riya ba ce, domin faɗar tana cikin kyautar: kwanakin da ta yi tana kaɗi da saƙa su ta miƙa tare da zaren. Ku lura kuma da tafiyar mayafin, daga hannun masaƙiya zuwa jikin mafi darajar halitta, daga nan zuwa kabarin wani bawan Allah. Imamul Bukhari, saboda zurfin fahimtarsa, ya kawo hadisin a babin jana'iza, ya kawo shi a babin ciniki a ƙarƙashin ambaton masaƙi, ya kawo shi a babin tufafi, ya sake kawo shi a babin kyawun hali da kyauta. Riwayar ba ta ambaci sunan matar ba, har Ibnu Hajar, da duk binciken da aka san shi da shi, ya ce bai samu sunanta ba. Ga shi fiye da shekara 1400 ana karanta aikin hannunta a makarantu.

Ba ita kaɗai ba ce. Uwar muminai Zainab ƴar Jahshi (R.A) tana jima da ɗinkin fata da hannunta, ta sayar ta yi sadaka. Da Annabi ya gaya wa matansa cewa wadda ta fi su tsawon hannu ita za ta fara riskarsa, sun riƙa gwada hannuwansu, sai da Zainab ta rasu a shekara ta 20 suka gane tsawon hannun sadaka ake nufi. Ta tanadi likkafaninta da kanta, ta yi wasiyya cewa in Umar ya aiko da wani a yi sadaka da ɗaya. Shi kuwa Umar (R.A), ya taɓa raba mayafai ga matan Madina, guda mai kyau ya rage, aka ba shi shawara ya kai wa matarsa Ummu Kulsum, jikar Annabi. Ya ƙi, ya ce Ummu Saliɗ ta fi cancanta, domin ita ce take ɗauko musu salkunan ruwa ranar Uhudu. Mai rabon kayan agaji a yau ya auna kansa da wannan.

Da aka zo zamanin rubuta fiƙihu, malamai ba su bar abin ga ganin dama ba. Alƙur'ani ya riga ya sa tufatar da miskinai goma cikin kaffarar rantsuwa a Suratul Ma'ida, aya ta 89, kuma Imamu Malik ya iyakance shi da tufar da salla take inganta da ita, riga ga namiji, riga da mayafin kai ga mace. Wancan babi ne mai iyaka, kada a haɗa shi da sadakar bargo. Wanda ya fi shafarmu shi ne abin da Shehu Khalil ya lissafa a Mukhtasar cikin farillan kifaya, wato gusar da cuta daga Musulmi, masu sharhi kuma suka fassara shi da ciyar da mayunwaci da suturta marar tufa idan zakka da baitulmali ba su wadatar ba. Ma'anar farillar kifaya kun san ta: in wasu sun yi har bukata ta biya an ɗauke wa kowa, in ba a yi ba duk mai iko a garin yana da laifi. Ibnu Hazm na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 456, ya fi kowa tsanantawa, ya ce wajibi ne a kan mawadatan kowane gari su tsaya wa talakawansu da abinci, da tufar rani da ta ɗari, da matsugunin da zai kare su daga ruwa da rana, kuma sarki ya tilasta su. Ibnu Rajab ya kawo labarin Safwanu ɗan Sulaimu, ɗaya daga cikin malaman Imamu Malik, cewa ya fito daga masallacin Madina wani dare mai sanyi, ya ga mutum tsirara, ya tuɓe tufarsa ya sa masa. Ibnu Baɗuɗa, wanda daga baya ya iso Takedda ta ƙasar Agadas a 1353, ya ga waƙafai a Dimashƙa da aka ware domin yi wa ƴan matan talakawa kayan aure da kuma tufatar da matafiya.

To mu dawo gida. Ƙasar Hausa ƙasar auduga ce tun fil'azal. Tsofaffin da ke cikinmu sun tashi sun ga yadda take bi: a tsinto ta daga gona, a gurje ta a kan dutse a fidda angurya, a shiɓe ta da baka, mata su zauna da mazari da alli suna kaɗi bayan sallar Isha'i, wata ta fidda zare siriri wata abawa. Daga nan sai masaƙi ya ja sawaye, a haɗa su a ɗinke, a samu fari ko gwado ko luru, abin da za a rina kuma a kai marina. Bature Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya biyo ta Tasawa a farkon 1851 ya wuce Katsina da Kano, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu, ya kuma zauna a Damagaram a ƙarshen 1852, zamanin Sarki Tanimu. Ƙasar da take tufatar da hamada ba ta rasa abin da za ta rufa wa nata da shi ba. Tsohuwa takan yi kaɗin likkafaninta ta ajiye a ƙasan tukunya, kamar yadda Zainab ta yi, in baƙo ya rasu a unguwa ba mai shi sai ta fiddo ta bayar ta sake kama wani. Mai gida in ya yi sabon gwado, tsohon na almajirin zaure ne ko na barar gida. Nana Asma'u, ƴar Shehu Usmanu wanda aka haifa a Maratta cikin jihar Tawa ta yau, ta kafa ƴan taru, mata suna zuwa mata karatu daga ƙauyuka da abin sadaka a hannu, ita kuma ta rarraba wa mabukata, har ta rasu a 1864.

Abin da ya raunana wannan al'ada abu biyu ne, yunwa da kasuwa. A kowace babbar yunwa, tun Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, abin da talaka yake fara kaiwa kasuwa bayan dabba shi ne tufa da mayafi, don haka wanda yunwa ta bari sai hunturu ya same shi tsirara. An sake ganin haka a farin 1973 da 1974, lokacin da makiyaya suka cika sansanin Lazare na Yamai, wanda yau ya zama unguwa, aka kuma ganinsa a yunwar 1984 wadda mutanen Maraɗi suke kira El Buhari saboda rufe iyaka. Kasuwa kuwa a hankali ta yi nata aikin. Yadin kanti ya shigo, sannan gwanjo, sannan bargon masana'anta mai sauƙin kuɗi. Mazari ya koma kayan tarihi, masaƙa suka watse, ƴaƴansu suka kama wata sana'a. Ba na kukan wannan don kansa, sauƙin tufa ni'ima ce. Abin da nake kuka shi ne da saƙar ta tafi sai kyautar ta bi ta. A da mace marar ko dala tana da abin bayarwa, domin tana da hannu da auduga. Yau an sa mata a rai cewa sadakar bargo sai mai kuɗi ko ƙungiyar agaji.

Bukatar kuwa ba ta tafi ba. Maraɗi ta san ruwa tun ambaliyar 1945 da ta rushe tsohon gari a bakin Gulbi har aka hau tudu. A 2020 kogi ya ci unguwannin Yamai. A damanar 2024 ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a ƙasar nan, gidajen ƙasa suka zube a Maraɗi da Tawa da Damagaram, har tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda yake tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi. Tun 2019 kuma ƴan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suke tsallakowa yankin Gidan Rumji da Madarumfa, sun gudo wa ƴan bindiga da kayan jikinsu kaɗai. Su ne mutanen Mudar na zamaninmu. A watan Disamba da Janairu sanyin dare a nan kudu yakan sauka wajen digiri 12 ko 13. Mai ɗakin siminti da bargo biyu zai ce wannan ba komai ba ne. Ya tambayi mai jego da take kwana a bukkar kara, ko yaron da yake kan tabarma a zauren da ba ƙyaure. Daga nan tari da ciwon haƙarƙari suke kama yara da tsofaffi. Daga nan ne kuma mutane suke shigar da kaskon wuta ɗaki su rufe ƙofa, a wayi gari da gobara, ko ƙuna, ko hayaƙin gawayi ya kashe mutum yana barci.

Wani zai ce, Malam, ga bargo a kasuwa, me ya kawo wahalar ɗinki? Wanda yake da kuɗi ya saya ya bayar, Allah ya karɓa, ban rage masa komai ba. Ƙungiyoyin da suke raba barguna ma mun gode musu, amma rabonsu yana tsayawa inda takardar sunayensu ta tsaya, farilla kuwa ba ta faɗuwa sai bukata ta biya. Ɗinkin hannu yana buɗe ƙofar ga wanda ba shi da kuɗin saye. Yana kuma ɗauke da abin da na kasuwa bai ɗauka ba, domin wadda gidanta ya rushe ko aka kashe mijinta ba ɗumi kaɗai ta rasa ba, ta rasa jin cewa akwai wanda ya san da ita. In ta ga sawun allura ta san wata ta zauna dominta.

Yadda ake yi ba wuya, iyayenmu mata. A sami zane biyu masu sauran ƙarfi, a wanke da sabulu a shanya a rana. A shimfiɗa ɗaya, a jera tsofaffin tufafi masu tsabta a kansa bayan an cire maɓalli da zik, ko shiɓaɓɓiyar auduga in akwai, a rufe da ɗayan. A bi shi da dogon ɗinki layi-layi, tsakanin layi da layi kamar faɗin tafin hannu, don kada cikin ya dunƙule in an wanke, sannan a naɗe baki. Kamu huɗu a tsawo da uku a faɗi ya ishi uwa da ɗanta. Teloli, ƙyallayen da kuke sharewa ku ƙona bayan ɗinkin Salla su ne fuskar mayafi in an haɗa su, ku tara su cikin buhu. Atamfar zaɓe mai hoton ɗan takara a sa ta a ciki, can ta fi amfani. Amma duk ƙyallen da yake da aya ko sunan Allah kada a sa shi, domin mayafin yara ba ya rabuwa da fitsari.

Kada a kawo ruɓaɓɓen tsumma a ce sadaka ce, aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta hana mu nufin mummuna mu bayar, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai da runtse ido. Kada kuma a jera marayu a ɗauki hotonsu da waya a watsa, aya ta 264 ta gaya mana gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Mace ta kai wa mace, da dare, kamar mai ziyara. A fara da mai jego, da marar lafiya, da tsohon da yake kwana shi kaɗai, da ƙananan almajirai, da baƙin da suka gudo, kuma maƙwabcin da ba Musulmi ba yana da haƙƙin maƙwabtaka. Kowane limami ya nemi mai unguwa da dattijai mata biyu ko uku su ƙidaya gidajen a asirce, domin mai kunya ba zai zo ya faɗa ba. A masallacinmu za a shimfiɗa tabarma bayan sallar Juma'a domin karɓar zannuwa da ƙyallaye da zare, mata kuma za su zauna ɗinki ranar Asabar da Lahadi bayan Azahar, muna fatan a gama rabon farko kafin Disamba ya shiga.